Za a iya rainon fata a kwalba a dasa wa ɗiyata, ko sai an yanko daga cinyarta?

"Assalamu alaikum likita. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi. Ɗiyata mai shekara 7 ta ƙone shekara biyu da suka wuce, lokacin ɗari, tana jin ɗumi zanenta ya kama wuta. Allah ya sa ta rayu, amma tabon ya ɗaure mata hammatar dama da gefen wuya. Ba ta iya ɗaga hannu ya wuce kafaɗa, kanta ma ya fara karkata. Likitan da ya duba ta ya ce sai an yi mata aiki an yanko fata daga cinyarta an dasa. Uwarta ta ce ba ta yarda a gyara wani wuri a ɓata wani ba. Sai na ga bidiyo a waya ana nuna Turawa suna shuka fata a kwalba, har kunne suke bugawa da inji. Ina da fili da zan iya sayarwa. In sayar in fita da ita waje a sa mata irin wannan fatar, ko mu jira abin ya iso ƙasarmu?"

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya ba ta lafiya, ya saka maka da kai da mahaifiyarta bisa ɗawainiyar shekara biyu. Wanda ya taɓa jinyar ƙuna ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani. Ko fatar kwalbar nan gaskiya ce, ko ta fi wadda za a ciro daga jikin yarinyar, sannan ko jira zai amfane ta. Bari in ba ka amsar a dunƙule tukuna, don kada ka yi ta karatu zuciyarka na rataye. Fatar gaskiya ce, an fi shekara arba'in ana amfani da ita. Amma ba don irin matsalar ɗiyarka aka yi ta ba, kuma ko Amurka ka kai ta yau, likitan kirki zai gyara mata hammata da wuya da naman jikinta ne. Jira kuwa shi ne abin da na fi tsoro a duk wasiƙarka. Kada ka sayar da filin nan saboda bidiyo.

Yadda ake rainon naman jiki

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Ilmin da kake tambaya a kai ƙoƙari ne na ɗebo kaɗan daga waɗannan ƙwayoyin, a ciyar da su a ɗakin gwaji har su yawaita, a ba su wani abu da za su hau su ɗauki siffa, sannan a mayar da su jiki. Ka duba yadda ake shuka duma a gindin danga. Akwai iri, akwai dangar da zai bi, akwai ruwa da taki. Ƙwayoyin halittar su ne iri. Dangar kuwa wata saƙa ce mai ramuka-ramuka kamar soso, ana yin ta da abin da jiki zai narkar a hankali bayan nama ya kama. Ruwa da takin su ne sinadaran da ke gaya wa ƙwayoyin su girma, su zama fata ko guringuntsi ko ƙashi. Wasu masana biyu na birnin Boston, Robert Langer da Joseph Vacanti, su suka tsara wannan tunani a wata maƙala da ta yi suna a 1993, amma aikin fata ya riga su.

A 1975 ne wani masani a Amurka, Howard Green, da ɗalibinsa James Rheinwald suka gano yadda za a sa ƙwayoyin saman fatar mutum su yi ta haihuwa a faranti. Ana yanko ɗan yanki da bai wuce kan sarki na wasiƙa ba, cikin mako 3 zuwa 4 a samu fallayen da za su rufe babban sashe na jiki. A 1983 aka kawo wasu ƙananan yara biyu, wa da ƙane, asibitin ƙuna na Boston, wuta ta cinye musu fiye da kashi 95 cikin ɗari na fata. Babu inda za a yanko a dasa musu, sai ƴan wurare kamar hammata da wutar ba ta kai ba. Daga nan aka ɗebo aka raina, aka rufe su da ita, suka rayu. Ina son ka riƙe wannan labarin da kyau, domin shi ke nuna wa aka yi wa wannan fatar: mutumin da ba shi da sauran fata, wanda in ba a rufe shi ba ruwan jikinsa zai tsiyaye, ƙwayoyin cuta su shige shi, ya mutu.

Mu mutanen Maradi ba sai an ba mu labarin irin wannan ƙunar ba. Gobarar azuzuwan zana ta watan Nuwamba na 2021, wadda ta ɗauke mana yara sama da 20 a makarantar firamare, har yanzu ba ta bar zukatanmu ba. Allah ya jiƙansu. Da za a tambaye ni ina wannan ilmi zai fi amfanar ƙasarmu, a irin wannan ranar zan nuna.

Abin da bidiyon bai nuna maka ba

Fata hawa biyu ce. Na sama siriri ne, shi ne rufi, a nan launi yake. Na ƙasa shi ne mai kauri da danƙo, a cikinsa jijiyoyin jini suke, da saiwar gashi, da inda gumi ke fitowa, da jijiyoyin da ke jin taɓawa. Duk dukawan da ke jima a garin nan, wannan hawan na ƙasa suke sarrafawa ya zama takalmi da jaka, don shi ne mai ƙarfi. To, abin da Green ya koya wa duniya rainonsa hawan sama ne kawai. Kaurinsa bai wuce ƙwayoyin halitta ƴan ƙalilan a jere ba, ya fi takardar shan ruwa laushi, har sai an manna shi a jikin bandeji kafin a iya ɗaukarsa. Idan ya kama, ba ya gumi, ba ya fid da gashi, yana saurin yin bororo ya saɓule da ɗan gugar riga, kuma yana tsukewa. Ka tuna zafin watan Afrilu a Maradi, ka auna yaron da rabin jikinsa ba ya gumi.

Tsukewar nan ita ce cutar ɗiyarka. Ba rashin rufi ke damunta ba, ciwonta ya warke tuni. Abin da ya faru shi ne, lokacin da ƙunar ta cinye hawan ƙasa, jiki ya rinƙa janyo bakin gyambon daga kowane gefe don ya rufe shi, ya cike tsakiya da tabo mai tauri kamar igiya. A hammata da wuya, inda yaro mai jin zafi yake naɗe jikinsa don ya samu sauƙi, igiyar sai ta ƙafe a naɗen. Wanda zai kwance wannan ɗaurin yana buƙatar nama mai kauri, mai miƙewa, wanda zai girma tare da yarinyar. In aka sa mata siririn fallen kwalba, wurin zai koma yadda yake, watakila ma ya fi.

An yi ƙoƙarin ƙera hawan ƙasan ma. Wani likitan fiɗa, John Burke, da wani masanin sinadarai, Ioannis Yannas, suka haɗa wata saƙa daga kolajin na saniya, wato sinadarin da ke ba fata ƙarfi, da wani sinadari daga guringuntsin kifin shak, suka rufe samanta da fallen silikon, wata irin roba mai laushi. Sunanta Integra, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1996. Ana shimfiɗa ta a kan ciwo, cikin mako 2 zuwa 3 jijiyoyin jinin mara lafiya su kutsa cikin ramukanta, jiki ya gina sabon hawan ƙasa. Wannan kam ana amfani da ita wajen kwance tabo irin na ɗiyarka, kuma tana da amfani a hannun wanda ya iya. Sai dai a gaya wa mahaifiyarta abu ɗaya: bayan mako ukun nan ana ɓare silikon ɗin, a koma ɗakin fiɗa karo na biyu, a yanko siririyar fata daga cinya a rufe. Wato cinyar da ake gudun taɓawa sai an taɓa ta. Ga tsada, ga aiki sau biyu, ga shi in ƙwayar cuta ta shiga ƙarƙashinta sai ta narke ta zama mugunya, kuɗin ya tafi. Wasu ire-irenta kuma daga jikin alade ake yin su, ya kamata Musulmi ya tambaya kafin a sa masa.

Inda gizo ke saƙa

Za ka ce, to me ya hana a raina nama mai kauri gaba ɗaya, da fatarsa da kitsensa? Jini ne ya hana. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikinka tana shan iskar oksijin da abinci daga ƙaramar jijiyar jini da ke kusa da ita, kuma nisan da iskar ke iya ratsawa bai wuce milimita 0.2 ba, kamar kaurin takarda biyu. Duk ƙwayar da ta fi haka nisa daga jijiya mutuwa take yi. Ka je lambunan Jiratawa ka ga yadda aka ja hanyar ruwa babba, ta rabu zuwa ƙanana, har kowane fangali ya samu rabonsa. In ka share fili ka dasa albasa ba ka ja masa ruwa ba, na bakin rijiya ne kawai zai rayu. Haka naman da aka raina a kwalba yake: bakinsa ya rayu, tsakiyarsa ta ruɓe. Har yau ba a iya ƙera wannan ragar jijiyoyin a cikin babban nama ta yadda likita zai ɗinke ta da jijiyar mara lafiya jini ya wuce ba, ban da gwaje-gwaje.

Shi ya sa in ka duba inda aka ci nasara, za ka ga ko dai abu ne siriri kamar falle, ko kuma nama ne da dama can ba ya buƙatar jini sosai, kamar guringuntsi. A 2014 likitocin birnin Basel na Suwizalan sun ba da rahoton tsofaffi 5 da kansar fata ta ci musu gefen hanci. Suka ɗebo ɗan guringuntsi daga bangon tsakiyar hancinsu, suka raina shi, suka gyara musu da shi. A 2015 Turai ta amince da wani magani mai suna Holoclar, inda ake raina ƙwayoyin gefen baƙin ido a dasa wa wanda sinadari ko wuta ta ƙona wa ido. A shekarar kuma, a Bochum ta Jamus, aka sauya wa wani yaro ɗan Siriya mai shekara 7 kusan kashi 80 cikin ɗari na fatarsa, wadda wata cutar gado ke saɓule masa. Michele De Luca na Italiya ne ya gyara ƙwayoyin ya raina su. Waɗannan ayyuka ne da nake girmamawa ƙwarai, kuma duk lokacin da na karanta labarin yaron nan sai na ji daɗin sana'ar da Allah ya ba ni.

Kunnen da ka gani kuwa, ina jin ɗayan biyu ne. Akwai tsohon hoton ɓera mai kunne a gadon baya, na 1997. Wannan guringuntsin saniya ne aka zuba a saƙa mai siffar kunne, aka cusa ƙarƙashin fatar ɓeran da ba shi da garkuwar jiki, ba a dasa wa kowa shi ba. Akwai kuma na 2022, da wani kamfanin Amurka ya buga kunne da inji daga ƙwayoyin guringuntsin wata budurwa ƴar Meziko mai shekara 20, aka dasa mata a matsayin gwaji. Kafin nan, a 2018, likitocin ƙasar Sin sun ba da rahoton yara 5 da aka yi wa makamancin haka. Ka lura da ƙarancin adadin: tsofaffi 5 a Basel, yara 5 a Sin, budurwa 1. A duk duniya, yaron da aka haifa ba kunne, har yanzu guringuntsin haƙarƙarinsa ake sassaƙawa a yi masa, ko a sa masa na roba. Ko wanda aka buga da injin ma, ƙarƙashin fatar mai shi ake sa shi, fatar ce ke ciyar da shi.

Akwai wani labarin da nake so ka sani kafin ka miƙa wa kowa kuɗinka. Wani likita ɗan Italiya, Paolo Macchiarini, ya yi suna a duniya a 2011 da ya dasa wa wani ɗan Eritiriya maƙogwaron roba da aka jiƙa da ƙwayoyin ɓargonsa, a asibitin Karolinska na Suwidin. Jaridu suka yi ta yabo. Robar ba ta taɓa zama nama ba. Mutum uku da ya yi wa wannan aikin a can duk sun rasu, kuma a 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta Suwidin ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi. In har hakan ta faru a ɗaya daga cikin manyan asibitocin Turai, to dillalin da zai turo maka saƙo ta WhatsApp ya ce akwai wani asibiti a waje da ke sa sabuwar fata ba yanka, ka tambaye shi sunan abin da za a sa, da hukumar da ta amince da shi, da yara nawa aka yi wa masu irin tabon ɗiyarka, da hotonsu bayan shekara biyu, ba bayan mako biyu ba.

Batun cinyar

Maganar mahaifiyarta magana ce ta uwa, ban raina ta ba. Ta ga ɗiyarta cikin azabar wankin ciwo wata da watanni, ba ta son a sake buɗe mata wani. Ina roƙonka ka karanta mata wannan sashen a hankali.

Idan muka ɗebi fata daga cinya, ba ma yanke ta duka. Akwai wuƙa ta musamman da ake saita kaurinta, tana feƙe saman kawai da ɗan kaɗan daga hawan ƙasa, kamar yadda ake feƙe bawon mangwaro a bar tsokar. Saiwar gashi da ramukan gumi suna nan a ƙasa, kuma daga cikinsu ne sabuwar fata ke tsirowa ta bazu ta haɗe. Cikin kamar mako 2 wurin ya rufe da kansa. Na sha buɗe bandejin cinyar yaro a rana ta goma sha huɗu, uwar na tsaye ta kau da kai ba ta son gani, in ce mata Hajiya dubo, ta ga wurin ya bushe ya yi ja-ja-ja da ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yayyafa barkono. Ɗigon nan launinta ne ke dawowa daga saiwar gashi. Ba zan ɓoye muku ba, akwai zafi a kwanakin farko, wani lokaci ma ya fi na inda aka dasa, kuma wurin zai bar alama, ko ya fi sauran jiki duhu ko haske. A baƙar fata irin tamu wasu suna yin tabo mai tudu, don haka a gaya wa likita in akwai masu irin wannan a dangi. Amma wuri ne da zane ke rufewa, kuma ba ya hana tafiya.

In ka lura, rainon fatar da Turawa ke kashe miliyoyi su yi a kwalba, cinyar ɗiyarka tana yin sa da kanta cikin kwana goma sha huɗu, da launinta, ba tare da jikinta ya ƙi shi ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Fatar wani mutum, ko da ta uwarta ce, jiki zai kore ta cikin ƴan makonni. Na faɗi wannan ne don iyaye da yawa sun ce mini a yanki tasu.

Kuma ba lallai ne ma cinyar ce za a taɓa ba. Ya danganta da siffar tabon. In igiya ce siririya a gaban hammata ko bayanta, kuma akwai lafiyayyar fata a gefe da gefe, muna yanka ta a karkace mu musanya ɓangarorin, igiyar ta tsawaita ba tare da an ɗebo komai daga wani wuri ba. In tabon mai faɗi ne, mukan juyo fata da kitsenta daga gefen ƙirji ko bayan kafaɗa, tana maƙale da jijiyar jininta, mu kwantar da ita cikin hammatar. Wannan ita na fi so a gaɓa, don ta zo da hanyar ruwanta, ba ta tsukewa, kuma tana girma da yaro. A wuya kuma akan ɗebo fata mai cikakken kauri daga ƙasan mara ko matsematsi, a ɗinke wurin ya zama layi ɗaya. Akwai ma dabarar cusa wata jakar silikon ƙarƙashin lafiyayyar fata a rinƙa ɗura mata ruwa mako-mako har fatar ta miƙe ta yi yawa, kamar yadda cikin mai juna biyu ke yi, sannan a ja rarar a rufe inda aka cire tabo. Da yawan abin da ya yi aiki a wannan fannin haka yake, jikin mara lafiya ne ake mayarwa wurin raino. A 2004 likitocin Kiel ta Jamus da suka so ƙera wa wani mutum muƙamuƙi, cikin tsokar bayansa suka binne ragar ƙarfe mai ɗauke da ɓargonsa na mako 7, don ta samu jijiyoyin jini, kafin su ɗauke ta da jijiyar su kai fuska. Ko ita ma daga baya ragar ta ba da matsala.

Haka abin yake ga yaranmu da ciwon noma, mai zaizaye baki da kumatu, ya ɓata wa fuska, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a watan Disamba na 2023. A asibitin noma na Sakkwato, da yaran da ƙungiyar Sentinelles ke kula da su a Damagaram, da naman goshi da na ƙirji da na hannun yaron ake sake gina fuskar.

Wasu za su kawo maka zancen fatar kifi. Gaskiya ne, a Fortaleza ta Burazil ana rufe sabuwar ƙuna da fatar karfasa da aka tsarkake da sinadarai da haske mai kashe ƙwayoyin cuta. Amma bandeji ce, ana ɓare ta in ciwo ya warke, ba ta zama jikin mutum, kuma ba ta da aiki a kan tsohon tabo. Kada wani ya ji wannan ya ɗebo karfasa daga tafkin Madarunfa ya manna wa ciwo.

Abin da jira ke ci

Tabo ba ya girma daidai da yaro. Ƙashin ɗiyarka yana tsawo kowace shekara, igiyar tana nan yadda take, don haka ɗaurin ƙaruwa yake yi ko da ba a ga ya canza ba. Tsokoki da jijiyoyin da ke ƙarƙashi su ma suna gajarcewa. Tabon wuya in ya daɗe a jikin yaro mai girma yana iya jan haɓa da leɓen ƙasa, ya karkatar da muƙamuƙi da jerin haƙora, ya sa kafaɗa da ƙashin baya su goce. Ka ce kanta ya fara karkata. Wannan kalmar ce ta sa na zauna na rubuta maka doguwar amsa.

Na taɓa karɓar wani yaro daga wani ƙauye a yankin Dakoro, ya ƙone yana ɗan shekara huɗu, ba a kawo shi ba sai da ya kai goma sha uku. Hannunsa ya manne da haƙarƙari har kusan gwiwar hannu, in zai ci tuwo sai ya sunkuyar da kai ya tarbi lomar. Da muka yanke tabon, fata ta saki, amma jijiyoyin jini da na motsi da ke hammatar sun tsaya tsam kamar tsarkiyar baka, ba dama a ja su. Muka tsaya inda suka yarda, muka ɗaure hannun a kan katako, muka rinƙa ƙara buɗawa kaɗan-kaɗan. Sai da ya shiga ɗakin fiɗa sau uku, kuma har ya tafi hannun bai kai sama sosai ba. Ya samu sauƙi mai yawa, yana sa riga da kansa, amma na san da an kawo shi da wuri da aiki ɗaya ya ishe shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗiyarka shekara biyu ke nan, tabon ya nuna, wato ya daina ja da kumburi, lokacin aiki ya yi.

Ban ga yarinyar ba, ban taɓa tabon da hannuna ba, saboda haka ba zan zaɓa mata ɗaya daga dabarun da na lissafa ba. Wanda ya duba ta shi ke da wannan. Abin da zan ce shi ne ka koma wurinsa tare da mahaifiyarta, ku tambaye shi wace dabara zai yi a hammata, wace a wuya, ko zai haɗa su rana ɗaya ko zai raba, da kuma yara nawa ya yi wa irin wannan. Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan tambayar. Ku tambayi mai sa barci ma, domin yaron da wuyansa ya ɗaure yana da wuyar sa wa bututun numfashi, ana buƙatar wanda ya saba da yara. In ba ku gamsu ba, ku nemi ra'ayi na biyu. Asibitin yara na CURE da ke Yamai, wanda aka buɗe a 2010, kwance tabon ƙuna na cikin ayyukan da aka san shi da su. Kuɗin mota zuwa Yamai ba ya buƙatar sayar da fili.

Kafin ranar aikin, a duba jininta, a yi maganin zazzaɓin cizon sauro in akwai, a san ko tana da sikila. A ƙara mata ƙwai da wake da nono da ƙuli-ƙuli da zogale. Fatar da aka dasa tana kwana biyun farko tana tsotsar ruwan jikin da ke ƙarƙashinta, daga nan jijiyoyi su fara haɗuwa, zuwa kwana 5 ko 7 ta kama. Yaron da ba shi da jini ko abinci bai ishe shi ba, dashensa ba ya kamawa da kyau, kuma a makon nan na farko ko ɗan gocewa ya isa ya tsinke sababbin jijiyoyin.

Sai babban aikin, wanda naku ne ba namu ba. Rabin nasarar wannan fiɗar a gida take. Za a yi mata abin da zai riƙe hannun a buɗe da kuma abin wuya, za ta sa su dare da rana a farko, daga baya da dare kawai, na tsawon wata 6 ko fiye. Za ta yi kuka ta ce a cire, kakarta za ta ce a tausaya mata. In aka cire, tabon zai dawo, na ga haka ba sau ɗaya ba. Bayan ciwon ya rufe sarai, a rinƙa murza wurin da man kaɗanya safe da yamma, da ɗan dannawa, don fatar dashe ba ta da maiƙon kanta, iskar hunturu tana tsattsaga ta. A kare wurin daga rana. A yi mata alama da gawayi a bangon ɗaki inda yatsunta suka kai, kowace Juma'a ta tsaya ta taka bangon da yatsu ta wuce alamar makon jiya. Kuma ku sa a ranku cewa tana iya buƙatar ƙaramin gyara in ta kai shekarun da tsawo ke zuwa da sauri, don haka ku rinƙa kai ta ana dubawa ko sau ɗaya a shekara har ta gama girma.

Tun daga daren yau ma, kafin ku ga likitan, a daina sa mata matashi in za ta kwanta. A naɗe zane a sa ƙarƙashin kafaɗunta yadda wuyan zai miƙe, hannun daman kuma a buɗe shi iyakar inda ba ta jin zafi, a tokare shi da matashin.